Ƙuri'ar Jin Ra'ayi: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Duk lokacin da zaɓe ya matso a Kamaru, sai alƙaluma su fara yawo a wayoyinmu, wai an tambayi jama'a, wane yana da kashi kaza cikin ɗari, wane kuma ya sha ƙasa. Shi ne abin da ake kira ƙuri'ar jin ra'ayi. Da hirar gindin bishiya ce kawai, da ba mu ɓata takarda a kanta ba. To amma a cikinmu akwai mai riƙe shanunsa saboda waɗannan alƙaluma, akwai mai sakin bashi, akwai kuma mai ɗibar jari ya kai wa ɗan takara don ya ji an ce shi zai ci. Mu dai a ganinmu wannan cinikin biri a sama ne.

Ba mu ce duk aikin ƙarya ba ne. Akwai masu yinsa bisa ƙa'ida, irin su Afrobarometer, wadda ta fara aiki a Kamaru a 2013. Takan tambayi kimanin mutum 1,200, gida-gida, baki da baki, ba tare da ta zaɓi wanda ranta ke so ba. Kamar dai falke mai hankali ne, ba ya yanke kuɗin garke da bijimin da dillali ya jawo gaba, sai ya kutsa tsakiya ya taɓa nan ya taɓa can. Duk da haka su da kansu suna faɗa cewa lissafinsu na iya kaucewa da kashi 3, sama ko ƙasa. To ku tuna zaɓen 11 ga Oktoba 1992: sakamakon da hukuma ta bayar ya ba Paul Biya kusan kashi 40, John Fru Ndi kusan 36, Bello Bouba Maigari 19. Tazarar kashi 4 ke nan. Ko ƙuri'ar jin ra'ayi mai kyau ba za ta iya rantsuwa a kan irin wannan ba, balle wadda ba a san ubanta ba.

Kada kuma yawan mutane ya ruɗe mu. A Amurka a 1936 wata mujalla, Literary Digest, ta tara amsa fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Dalili kuwa, ta fi ɗauko sunaye daga masu tarho da masu mota, talaka bai shiga lissafi ba. Masu danna waya a Facebook yau su ne masu tarhon wancan zamani.

Mu kuma fa, ina muke cikin lissafin? Mai tambaya gida yake bi. Falken da ya karɓi shanu a gadar Ngeli ya nufi Fotokol da Gamboru, ko wanda ya tashi daga kasuwar Adumri ya nufi Mubi, ba a gida za a same shi ba. Makiyayin da ya sauka yayre da rani shi ma haka. Ƙidayar jama'a ta 2005 aka yi ta dogara da ita har shekara ashirin wajen raba yawan waɗanda za a tambaya. In ka yi lissafi da ita, cikin 1,200 jihar Arewa Mai Nisa za ta samu ɗari biyu da 'yan kai, Logon da Shari kuwa, inda Kuseri take, ba za ta wuce talatin ko arba'in ba. Sannan ga tsoro. Baƙo ya zo da takarda yana tambayarka wa za ka zaɓa, kai da ke da shanu a hanya, ga duwan ga jandarma, me za ka ce masa? Su kansu masu binciken sun san da haka, shi ya sa a ƙarshen hira sukan tambayi mutum, wa kake zaton ya aiko mu?

Abu na gaba, masu zama a Yawunde da Duwala sukan ɗauki ƙuri'ar Arewa kamar garke ɗaya mai bin sanda ɗaya. Tarihi bai nuna haka ba. A zaɓen majalisa na Maris 1992 jam'iyyar UNDP ta samu kujera 68 cikin 180, RDPC 88, sai kujeru 6 na MDR ta Dakole Daissala, shi ma ɗan Arewa, suka cika wa gwamnati rinjaye. A 1997 UNDP ta sauko 13, a 2002 kujera ɗaya tak. A 2018 an ba Biya kashi 71. A 2025 'ya'yan Binuwai biyu suka ajiye muƙamin minista suka tsaya takara: sakamakon hukuma ya ba Biya kashi 53.66, Issa Tchiroma Bakary 35.19, Bello Bouba bai kai kashi 3 ba. Tchiroma ya ce bai yarda ba, shi ya ci, aka yi tarzoma a Garwa da Duwala, aka yi asarar rayuka.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙuri'ar jin ra'ayi tana auna abin da baki ya faɗa ne. Ba ta auna wanda ya samu katin zaɓe, ba ta auna yadda za a ƙirga, ba ta kuma faɗa maka ranar da kasuwa za ta watse. Manyanmu ba su manta da zaman-gida na dole na 1991 ba, lokacin da garuruwa suka mutu. Mutanen Kuseri ba su manta da Janairun 1992 ba, da rigimar katin zaɓe ta zama faɗa tsakanin Kotoko da Larabawan Shuwa, mutanen da kara ɗaya muke ci da su.

Saboda haka ga shawararmu. Duk alƙaluman da aka turo maka, yi musu tambayar da kake yi wa sa: na wane ne, wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a ina, yaushe? In babu amsa, kada ka tura wa wani. Kada a jingina sunan ƙungiya ga ɗan takara don an ce shi ke gaba, domin gobe ko wa ya ci, a ofishinsa za mu nemi takarda. Makon zaɓe da makon faɗin sakamako a rage bashi, kada a bar tirela cike da shanu a hanya. 'Yan'uwanmu na Cadi da Nijeriya, ku baƙi ne a wannan magana, ku tsare bakinku da dukiyarku. Mu 'yan ƙasa kuma mu je ELECAM mu yi rajista tun da wuri, mu shirya tafiya yadda ranar zaɓe za ta same mu a gida.

In kuma mai bincike na gaskiya ya yi sallama, kada a kore shi. A gaya masa yawan shingen da ke hanya, da masu tare hanya, da burtalin da gonaki suka cinye. Wanda bai yi magana ba, ba a lissafa shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.