Waƙa Ta Yi Tafiya, Suna Ya Kwana A Gida

Yau zan ɗan ajiye batun littattafai a gefe, ko da yake kafin in kai ƙarshe mai karatu zai ga ban yi nisa da shi ba.

Makon jiya ina birkita wata tsohuwar durowa ina neman takarda, sai na ci karo da wani ɗan memori na waya, irin ƙaramin nan mai kamar farce, wanda na saya wajen shekarar 2010. Na sa shi a kwamfuta ba tare da wani sa rai ba, sai kuwa ya buɗe. Waƙoƙi ne cunkus, waɗanda wani yaro mai turi ya loda mini a bakin kasuwa a wancan lokacin. Na Shata na san su, na finafinai ma na gane muryoyin. Amma akwai wasu bakwai ko takwas da ba su da suna sai lamba, ɗaya kuma an rubuta mata "buzaye" kawai. Wannan ɗin ita ce ta hana ni tashi. Jita ce da tafi da muryar wani saurayi, na saurare ta sau biyar a jere, na tuna yadda na dinga jin ta a mota shekara da shekaru. Sai a ranar na lura cewa ban taɓa tambayar kowa wane ne ya yi ta ba. Ko sau ɗaya.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne na san labarin wani da ya taɓa cin karo da irin wannan waƙa marar suna, shi kuma ya tambaya.

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya shigo Sakkwato ya shiga sutudiyo. Yaro ne da ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da katako da wayoyin birkin keke, domin gidansu ba sa son harkar kiɗa. A Sakkwato aka ɗauki waƙoƙinsa da irin salon da ake yi wa waƙoƙin finafinanmu, wato ganga ta na'ura da Auto-Tune mai lanƙwasa murya. Kundin da ya fito daga nan, Anar, babu kamfanin da ya buga shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya dinga tafiya ta Bluetooth da memori, a tasha da majalisa da bayan mota, har ya tsallaka zuwa arewacin Mali.

A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, ɗan birnin Portland, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutanen Kidal. Ya yi abin da kowa ke yi, ya kwafa. Bambancinsa da mu shi ne da ya yi niyyar fitar da waƙoƙin da ya tara a faifai, sai ya shiga neman masu su ɗaya bayan ɗaya don a biya su. Faifan ya fito a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, a ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds. Ya samo Mdou, ya je har Nijar ya same shi, suka yi faifai, suka yi fim a Agadas da harshen Tamashek a 2015. A 2021 kamfanin Matador na Niyok ya fitar masa da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Bahagon nan da ya fara da wayar birki yanzu yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a duniya.

To, a nan ne haushina yake. Sakkwato fa aka ɗauki waƙoƙin nan. Sakkwato! Sautin da ya ja hankalin Turawa tun farko, namu ne, na sutudiyoyinmu. Amma sai da waƙar ta zagaya ta Kidal, ta je Amurka, ta dawo mana a jaridun Turai, sannan wasunmu suka san akwai wani wai shi Mdou Moctar. Haka ya faru da Mamman Sani, mai ogan ɗin nan na Yamai da ya ɗauki kaset ɗinsa a 1978. Sai a 2013 aka sake fitar da shi a waje. Haka 'yan matan Illighadad, ƙungiyar Fatou Seidi Ghali, a 2016. Kai, hatta waƙoƙin finafinan Kano, kamfanin nan dai ne ya tara wasu a faifai mai suna Harafin So a 2013 ya kai wa masu sauraro a ƙetare.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: ai Bature ba ya aikin banza, ya zo ne ya kwashi kayanmu ya ci riba. Ba na musun cewa akwai tarihin irin wannan kwasar, kuma duk mawaƙin da zai sa hannu a takarda ya kamata ya nemi wanda zai karanta masa ita da kyau. Amma mu yi wa kanmu adalci. Shi ya kwafa ya nemi mai abu. Mu mun kwafa, mun ji daɗi, mun tura wa wani, mun goge sunan ma idan akwai. Wa ya fi wani kwasa?

Ba kuma ina zagin masu turi ba ne. Yaran nan da ke zama da kwamfuta a ƙarƙashin lema, su ne rediyon mawaƙin da ba shi da uban gida. Ba don su ba da Anar ya mutu a Sakkwato. Abin da tsarin nasu ya kasa yi guda ɗaya ne: yana ɗaukar waƙa ya kai ta ko'ina, amma ba ya komowa da komai wurin mai ita, ko kuɗi ko suna. Magabata sun fi mu dabara a nan. Shata da Ɗan Maraya Jos suna saƙa sunansu a cikin waƙar kanta, ta yadda ko kaset ɗin ya yi kwafi goma ba za ka raba su da ita ba. Mawaƙan zamani da ke ambatar sunansu da na sutudiyo a farkon waƙa, har wasu suna yi musu dariya, gadon nan suka ɗauka, kuma sun yi daidai.

Sai wani ya ce ai wannan zancen da ne, yanzu akwai intanet, kowa na iya ɗora waƙarsa da sunansa da hotonsa. Gaskiya ne, ƙofar ta buɗe. Yaro a Damagaram ko Zariya zai iya sa waƙarsa a YouTube ko Audiomack yau da dare. Amma buɗe ƙofa daban, a gan ka daban. Manhajojin nan suna nuna maka abin da ya yi kama da wanda ka riga ka ji, ko wanda mutane da yawa suka riga suka ji, wato mai shi ake ƙara wa. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ya kafa doka a 2024 cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba ta samun ko kwabo. Bandcamp ya fi tausayi, don shi kasuwa ce: ka saya kai tsaye, su ɗebi kashi 15 cikin 100, kusan duk sauran ya tafi ga mai waƙa ko kamfaninsa. Amma shi ma sai kana da hanyar karɓar kuɗin waje, kuma mun tuna lokacin da PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, damar aikawa kawai aka ba mu, ban da karɓa. Kada kuma a ɗauka abin da aka ɗora ya zauna ke nan har abada. MySpace, inda dubban ƙungiyoyin makaɗa suka fara samun masoya, ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun ɓace. Ɗan memorina na cikin durowa ya fi shi riƙon amana.

Don haka ni a ganina, abin da ya fitar da Mdou mutum ne, mutum ɗaya da ya ji waƙa ya ce sai na san mai ita. Na'ura ta taimaka, amma ba ita ta yi tambayar ba. Wannan aiki kuwa ba ya bukatar biza ko dala. Idan ka ji sabuwar murya ta burge ka, ka tambayi sunan. Idan za ka tura, ka tura da sunan, ko ka tura adireshin inda shi mawaƙin ya ɗora da kansa. Idan kana da biki, ka tuna da ƙananan da ba a sani ba, ka kuma biya su kamar mutane. Masu shirye-shirye a gidajen rediyonmu, waɗanda suke da yawa yanzu kamar jamfa a Jos, me zai hana a ware rabin awa a mako don waɗanda ba su da kuɗin saye?

Mu masu karatun littattafai mun fi kowa sanin wannan ciwon. Sau nawa aka turo maka labari a WhatsApp, shafi ɗari uku, an yanke sunan marubuciyar daga sama, ko an maye shi da na wanda ya kwafa? Ka karanta, ka yi kuka, ka tura wa ƙanwarka. Ita kuwa wadda ta kwana tana bugawa da ɗan yatsa a waya ba ta ma san labarinta ya kai Kumasi ba. Haƙƙi ne, ko mun kira shi da sunansa ko ba mu kira ba.

Ita waƙar tawa ta "buzaye", na tura wa wani abokina direba da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Agadas, na roƙe shi ya kunna wa fasinjoji ko Allah zai sa wani ya gane muryar. Shekaranjiya ya bugo mini. Wani dattijo ya ce ya san waƙar, an yi yayinta a bukukuwa, amma sunan yaron ya kwanta masa; ya yi alkawarin zai tambayi ɗansa. Na ce wa direban ya karɓi lambar dattijon.