Rana dubu ta ɓarawo: darasin faifan Goldorak ga 'yan kasuwarmu

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a zangon Sokode ko na Dapaong daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, in dai ya taɓa rage dala biyar daga kuɗin aike ya shiga gidan bidiyo, to ba sai an yi masa bayanin Goldorak ba. Shi ne ƙaton mutum-mutumin ƙarfen nan mai ƙaho biyu na fim ɗin katun, wanda ke fitowa daga cikin wani jirgi mai kama da faranti yana jifan abokan gaba da dunƙulen hannunsa. Mu kanmu muna cikin waɗanda suka sha bulala a makarantar allo saboda shi, domin kuwa sau da yawa mai gidan bidiyo kan saka kaset ɗin ne daidai lokacin karatun yamma.

Abin da ya tuno mana da shi, kwanakin baya ne a babbar kasuwar Sokode muka ji wani magidanci sa'anmu yana tambayar wani yaro mai tura fina-finai a waya. Ya ce masa, "Ƙanena, kana da Goldorak kuwa? So nake in nuna wa yarana abin da muka kalla." Yaron ko sunan bai taɓa ji ba, amma bai bari ciniki ya wuce shi ba, sai ya ce, "Yaya, bar mini katin wayarka, gobe ka zo da dala arba'in ka karɓe shi gaba ɗaya." Suka rabu kowa na murna. Daga mai saye har mai sayarwa, har mu da muke tsaye muna dariya, babu wanda ya tambaya ko wannan kaya yana da mai shi. Alhali kuwa yana da shi, kuma mai shi ya taɓa nuna wa duniya cewa ba barci yake yi ba.

Asalin fim ɗin daga ƙasar Japan yake, sunansa a can Grendizer. Wani mai zane da ake kira Go Nagai ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Toei ya shirya shi kashi 74, aka nuna a talabijin ɗin ƙasar daga 1975 zuwa 1977. Labari ne na wani yarima da yaƙi ya cinye ƙasarsa, ya gudo duniyarmu ya fake a wata gona yana aikin kiwon dawaki, har maƙiyan suka biyo shi, dole ta sa ya koma fagen fama. A watan Yuli na 1978 tashar Antenne 2 ta Faransa ta fara nuna shi da Faransanci, aka raɗa masa suna Goldorak, yariman kuma aka kira shi Actarus. Wannan fassara ce ta iso gare mu, shi ya sa muka san shi da wannan suna. Larabawa kuma a Labanon aka fassara musu shi, kuma har gobe suna ji da shi.

To, yaran Faransa da suka kalle shi sun girma, sun yi kuɗi, suna neman a fitar musu da shi a faifan DVD su ajiye a gida, amma shekaru suka yi ta wucewa masu shi ba su fitar ba. Sai wasu kamfanoni biyu na Faransa, Déclic Images da Manga Distribution, suka ga kasuwa a buɗe, suka buga shi a 2005 ba tare da sun samu yardar Jafanawa ba, ya kuma shiga manyan kantuna aka yi ta saye. Ba a je ko'ina ba Toei ya kai ƙara, kuma a cikin wannan shekara wata kotu a Paris ta hana sayar da faifan, ta yanke musu diyyar yuro miliyan 7.2, wato sama da sefa biliyan 4 da miliyan 700. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, har suka ɗauka sun sha. A 2007 kotun ƙoli ta soke wannan nasara tasu, a 2009 kuma aka sake tabbatar da laifin, da diyyar yuro miliyan 4.8. Sai a 2013 wani kamfani, AB Vidéo, wanda ya bi ta ƙofa ya ƙulla yarjejeniya da masu kaya, ya fitar da faifan na halal, ya sayar da abinsa ba tare da fargabar kowa ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai tebur a Sinkase da rigimar Turawa da Jafanawa? Ruwanmu kuwa ya yi tsaki, domin abin da waɗancan kamfanoni suka yi sau ɗaya a babban sikeli, shi ne muka shekara fiye da ashirin muna yi a rumfunanmu kowace ranar kasuwa. Kuma mafi yawan waɗanda muka yi wa ba baƙi ba ne, 'yan'uwanmu ne na Kano.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta zauna ne a kan wani tsari mai sauƙi na amana. Mai fim zai ba dillalai a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai uwar kaset, ya sayar musu da kwali, su kuma su naɗi fim ɗin a kan kaset su saka a ciki. Kowane kwali ɗaya yana nufin kwafi ɗaya na halal, kuma daga kuɗin kwalin nan mai fim ke biyan 'yan wasa da mawaƙa da mai kyamara. Mu da ke wannan gefen iyaka me muka yi? Mu gaya wa kanmu gaskiya. Sai mutum ya sayo guda ɗaya, ko ta hanyar Maraɗi da Yamai ko ta Paraku da Jugu, ya zauna da na'urori ya mayar da shi ɗari, kwalin ma a buga na bogi. Da faifan CD ya zo, abin ya ƙara sauƙi, ga kuma na kasuwar Alaba ta Legas masu fim goma a faifai ɗaya suna shigowa ta Kwatano da Lome. Muka ce ai mai fim yana nesa, ba zai taɓa tako ƙafarsa Dapaong ba.

Gaskiya ne bai zo ba, bai kuma kai mu kotu ba. Abin da ya yi ya fi kotu ciwo, wato ya daina buga faifai. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya masu fim suka koma shirya dogon zango irin su Izzar So da Labarina, suna nunawa a talabijin da YouTube, kuɗin talla na shiga hannunsu kai tsaye. Yau uwargida a Komah tana kallon sabon fitowa a wayarta a daren da aka sake shi, ba ta bi ta rumfar kowa ba. Ku zagaya kasuwar Dapaong ku ƙirga rumfunan da a da ake jin waƙar fim na tashi daga cikinsu, ku ga nawa suka koma sayar da caja da kwalin waya. Ba mu musa cewa waya da intanet za su canza kasuwar ko da ba a yi satar ba. Amma da a ce mun riƙe amana, da lokacin da masu fim ke neman wakilai da masu kawo musu talla a wajen Nijeriya, mu za su fara tunawa.

Mun san hujjar da ake kawowa, kuma ba duka ce ƙarya ba. Ana cewa kayan asali ba sa zuwa nan, in ma sun zo kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Haka ne, akwatin Goldorak na halal an yi shi ne don aljihun Bafaranshe, kuma kamfanonin Japan ba su taɓa ɗaukar Sokode a matsayin kasuwa ba. Wannan sakacinsu ne, kamar yadda jinkirinsu ya buɗe wa waɗancan kamfanoni ƙofa a Faransa. Sai dai kotu ba ta karɓi jinkirin mai kaya a matsayin uzuri ba, mu ma a kasuwa ba ma karɓa. Idan Alhaji ya ƙi sayar da goronsa yana jiran farashi, wannan bai halatta wa maƙwabcinsa ya buɗe huhun da dare ya sayar ba.

Wasu kuma kan ce ai fim ba buhu ba ne, in ka kwafa na mai shi bai ragu ba. To dokar ƙasar nan ba haka ta gani ba. Tun ran 10 ga Yuni 1991 Togo ta yi dokar kare haƙƙin masu fasaha, wadda ta kafa hukumar BUTODRA, sannan tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke kula da rajistar tambarin kaya. Ta fuskar addini ma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ta ba.

Kada wanda ya bar sayar da faifai ya ce maganar ta wuce shi. Jakunkunan 'yan makaranta masu hoton katun, rigunan ƙwallo masu tambarin manyan ƙungiyoyi, da wayoyi da caja masu ɗauke da sunan da ba nasu ba, duk hukuncinsu ɗaya ne da faifan Goldorak. Ranar da mai tambari ya shigar da koke, ɗan duwan ba zai je China neman wanda ya buga ba, wanda aka samu kaya a hannunsa shi zai yi bayani, kuma jarinsa ne zai kwana a ma'ajiyar hukuma.

Akwai wata hanya kuwa, kuma Larabawa sun nuna ta a kan wannan fim ɗin dai. Kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya je ya zauna da kamfanin Go Nagai suka ƙulla yarjejeniya, a 2022 aka kafa mutum-mutumin Grendizer mai tsayin fiye da mita 30 a Riyad, a 2024 kuma aka fitar da sabon shiri mai suna Grendizer U da hannunsu a ciki. Ba mu da kuɗin Saudiyya, amma muna da abin da kakanninmu fatake suka bari. Ayarin da ke bin hanyar Gwanja ta Mango da Sokode ba da takarda ya yi ɗaruruwan shekaru ba, da amana ya yi, kuma dillali yana cin la'adarsa ne da sanin mai kaya.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Sokode da Dapaong da Sinkase da su haɗa masu tura fina-finai wuri ɗaya, su tura wakilai Kano su nemi izini a rubuce da farashin da kowa zai iya ɗauka, domin mai fim ya fi son ya samu kaɗan daga Togo a kan ya rasa gaba ɗaya. Mai sarin kaya kuma ya riƙa neman rasiɗi da sunan wanda ya sayar masa kafin ya ɗora a mota. Muna kira ga BUTODRA da kada ta tsaya a Lome, ta hauro arewa ta shiga gidajen rediyon al'umma ta yi bayanin dokar da Hausa da Kotokoli da Moba, tun kafin a fara kame. Su ma masu katun na Japan, in sun ga dama su fassara kayansu da Hausa kamar yadda aka yi da Larabci, za su tarar da miliyoyin yara na jira.

Shi kuwa magidancin nan na kasuwar Sokode, mun ji ya karɓi katinsa, ya tarar rabin fim ɗin da Larabci ne, sauran kuma babu murya, ga dala arba'in ta tafi. Waɗancan kamfanoni na Faransa shekara huɗu suka yi suna zarya a kotu kafin ranar mai kaya ta zo. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin gumin wani, amin.