Kolmani: Wa Zai Kula da Rijiyoyin?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, muhawararmu ta tsaya kan rabon arziki. A ganina, mun tsallake babbar tambaya: wa zai kula da rijiyoyin?

Rijiyar mai na bukatar gyara muddin tana aiki, domin yashi kan toshe ta, bututu kan lalace. Akan danne ƙarfinta da ruwan laka mai nauyi kafin gyara, amma hakan kan rage yawan man da take bayarwa. Shi ya sa ake kawo manyan motoci ɗauke da na'urorin da ke cusa bututu cikinta alhali gas na tunkuɗowa, ana riƙe da bakinta gam kada ta yi aman wuta. Kuskure kaɗan kan jawo asarar rayuka.

Dokar 2010 ta fifita 'yan ƙasa a irin waɗannan kwangiloli, sai dai doka ba ta koyar da sana'a. Cibiyar horar da ma'aikatan man fetur tana Effurun, jihar Delta. Ya kamata gwamnoninmu su tura matasa can tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.