RA'AYINMU: Takardar Da Ake Takawa Bayan An Tashi Daga Tamsiliyya

Lokacin walimomi ya sake zagayowa. Daga Unguwar Sarki zuwa Kawo, daga Badarawa zuwa Unguwar Shanu da Tudun Wada, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a ji wata Islamiyya tana bikin saukar ɗalibanta ba. A yawancin waɗannan bukukuwa kuwa akan ware lokaci na tamsiliyya, inda ɗalibai za su hau dandamali su kwaikwayi wata ƙissa, ana yi ana rera ƙasida a tsakani. Matasa kan cika wuraren maƙil, wasunsu ma tamsiliyyar ce kurum take kawo su, kuma babu laifi a nan. Abin da ya sa wannan jarida ta ɗauki alƙalami a yau shi ne abin da ido ke gani a ƙasa bayan an yi addu'a an watse: takardun tsarin taro, waɗanda 'yan boko ke kira furogiram, a warwatse ƙarƙashin kujeru, wasu an yi fifita da su an yar, wasu an ƙunshe gyaɗa a ciki, sauran kuma ana bi ta kansu da takalmi. A saman kusan kowace ɗaya akwai Basmala, wata ma har da aya.

Wannan kaɗai ya isa abin kuka, kuma babu ɗan Islamiyyar da bai san hukuncin wulaƙanta sunan Allah (T) ba. Sai dai akwai wata asara ta biyu da ba kasafai ake lura da ita ba.

Wasan dandamali abu ne mai mutuwa a ranar da aka haife shi. Malami da ɗalibansa za su kwashe wata biyu suna gwaji bayan La'asar, a ɗinka kaya, a aro takubban katako, a haddace baituka, sannan a yi abin cikin awa guda ya wuce. Littafi yana nan a kan kanta, fim yana nan a faifai, amma tamsiliyya da zarar an sauko an kwance rumfa to shi ke nan. Shaidar da take saura ita ce wannan 'yar takarda mai ɗauke da rana da wuri, da sunan wanda ya tsara, da sunayen waɗanda suka fito, da ƙasidun da aka rera. Wanda ya yar da ita ya yar da aikin wata biyu na 'yan uwansa.

Mutanen Kaduna su ne ya fi kamata su gane wannan magana, domin garin nan ya daɗe yana cibiyar wasan kwaikwayon Hausa. Tun da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962 ake yin wasanni a nan. A nan Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna da Samanja Mazan Fama, a nan kuma aka san Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu, har yau ɗalibai na nazarinsu, ba don komai ba sai don an buga su a takarda. Haka wasan Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: an buga shi a 1975, Adamu Halilu ya mayar da labarin fim a 1976, shi ya sa ake iya faɗin shekararsa ba tare da gardama ba. To amma wasannin da ƙungiyoyin unguwanni da 'yan sakandare da Islamiyyu suka yi ta yi a zauruka da filayen makarantu fa? A samu dattijo a ƙofar Masallacin Sultan Bello a tambaye shi wani wasa da ya gani yana saurayi, zai ce ya ga abin da ya sa shi hawaye, amma ko kafin kashe Murtala ne ko bayansa, ko wa ya rubuta, ko su wa suka fito, sai ya ce Allah ne masani. Laifin ba na dattijon ba ne. Kai ba ya riƙe abin da hannu bai rubuta ba.

A ƙasashen Turawa akwai wasannin dandamali na waƙa da rawa waɗanda mutane ke tsallaka teku don su kalla. Ya kamata a faɗa a fili cewa a cikin yawancinsu akwai tsiraici da cakuɗuwar maza da mata da sauran abubuwan da Musulmi ba zai zauna ya zuba musu ido ba, kuma babu mai kiran kowa ya kwaikwaye su. Amma a dubi yadda suke yi da takarda. A birnin Niyok na Amurka, tun 1884 ake buga wata 'yar mujalla da a yau ake kira Playbill, ana miƙa wa duk wanda ya shiga gidajen wasa na Broadway kyauta, mutane na tarawa shekara da shekaru. A Landan kuwa saye ake yi da kuɗi. Wata mata a can mai suna Gabrielle Enthoven ta yi ta tara irin waɗannan takardu har suka haura 80,000, a 1924 gidan tarihi na Victoria da Albert ya karɓa, kuma a kan tarin nata aka gina sashen tarihin wasannin Ingila na gidan. Mutanen da suka ɗauki wasan shagala da wannan muhimmanci ke nan. Shi kuwa Musulmi, wanda tamsiliyyarsa ke koyar da haƙurin Bilal da tsayuwar Shehu Usmanu, yana taka shaidarta da takalmi kafin ya kai bakin ƙofa.

Takardar tana da wani amfanin tun kafin a fara wasa, wanda matasa suka fi kowa buƙata. Sau nawa ake tallan taro a wani zaure ko otal da sunan daren al'adu ko wasan faɗakarwa, saurayi ya yanki tikiti da kyakkyawar niyya, sai ya shiga ya tarar gala ce, kiɗa na tashi, 'yan mata na cashewa, Magariba ta wuce ba wanda ya motsa? Ya riga ya biya, abokai na zaune, kunya ta hana shi fita. Da an ba shi tsarin taron a rubuce tun a ƙofa, da ya san abin da zai tarar. Wanda ya rubuta abin da zai nuna ya ɗaure kansa, ana iya kama shi da takardarsa idan ya saɓa. Wanda kuwa ya ƙi rubutawa, ya ce a shigo dai a gani, to yana da dalilinsa. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi. Tikiti ma alƙawari ne tsakanin mai shirya taro da mai kallo.

Wannan bai bar masu tamsiliyyar Islamiyyu a baya ba. Akan ga an sa yaro ya fito a matsayin wanda bai dace a kwaikwaya ba, ko a cusa wa ƙissa abin da babu shi a littafi don kawai jama'a su yi kabbara. In da akan rubuta sunan kowane matsayi da littafin da aka ciro ƙissar, a kai wa malamai su duba mako guda kafin ranar, da an huta da surutun da kan biyo baya.

Wani zai ce ai yanzu zamanin waya ne, kowa na ɗaukar bidiyo. Haka ne. Amma kowa ya san ƙarshen waya a garin nan: ko a ƙwace, ko ta faɗa ruwa, ko ta cika a goge. Sanarwar da aka tura ta WhatsApp kuwa kwana uku ya ishe ta nutsewa. Ko bidiyon ya tsira, fuskoki kawai yake nunawa, bayan shekara 20 babu mai iya cewa wannan yaron mai rawani ɗan gidan wane ne.

Abin da ake nema ba mai wahala ba ne. Duk ɗan uwan da aka miƙa wa takarda ya ninke ta ya sa a aljihu, in ya je gida ya rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya a bayanta in babu, ya ƙara layi biyu a kan abin da ya gani, ya sa a leda cikin fayil, nesa da gara da danshin damina. In ba a raba takarda ba, ya rubuta da kansa a littafinsa. Ba tara hotunan 'yan wasa don fahari ake nufi ba, wannan wata cuta ce daban. Kowace makaranta ta ajiye kwafi uku a ofishin shugabanta. Masu son ganin yadda ake adana takarda su leƙa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, su tambayi ma'aikatan yadda ake yi.

Su kuma 'yan agaji, a walimar da ke tafe, a ware mutum biyu da kwali su bi layin kujeru kafin jama'a su fara fita. Masu kyau a mayar wa makaranta, waɗanda suka yage a ƙona su ko a binne a wuri mai tsarki kamar yadda malamai suka koyar.