Matsalar kwamfuta ta shekarar 2000: rigakafi ne ko asarar kuɗi?

Mai karatu, idan ka rubuta shekara da lambobi biyu kawai, 99 na nufin 1999. Shekarar da ke biye kuwa sai ka rubuta 00. Wannan ƙaramin abu ne ya tayar da hankalin duniya kafin shigowar shekarar 2000.

A shekarun 1960 da 1970, ma'ajiyar kwamfuta ƙarama ce, ga kuma tsada. Don tsimin wuri, masu tsara aikinta suka bar lambobi biyu na farkon shekara. Mutum ya san 00 na nufin 2000, amma kwamfuta tana iya ɗaukar ta 1900. Gwada lissafin da kanka: wanda aka haifa a 60, a shekarar 99 yana da shekaru 39. A shekarar 00 fa? Lissafi ya rikice. Shi ya sa aka ji tsoron ɓacin asusun banki, albashi da fansho, har ma da katsewar wutar lantarki.

Amurka kaɗai ta kashe kimanin dala miliyar 100 wajen gyara. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta kimanin miliyar 300.

Ranar 1 ga Janairu 2000 ta wuce ba tare da babban bala'i ba. Amma an samu tangarɗa. A wani asibiti a Shefil ta Ingila, kwamfuta ta kuskure shekarun mata masu ciki, har 154 daga cikinsu suka karɓi sakamakon awo marar daidai.

Daga nan aka shiga gardama. Wasu suka ce an zuzuta hatsarin, domin Italiya da Koriya ta Kudu ba su kashe kuɗi sosai ba, kuma ba su sha wahala ba. Wasu suka ce gyaran ne ya hana ɓarna. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin masu gyara sun iske kurakurai na gaske a kwamfutocin bankuna. Sai dai tsoron ya wuce kima, har wasu mutane suka tara abinci suna jiran rushewar duniya.

Rigakafin da ya yi nasara ba ya barin alama, shi ya sa ake saurin raina shi. Idan an gargaɗe ka game da wani hatsari, ka tambaya: mene ne zai lalace, nawa ne kuɗin gyara, wa zai amfana da tsorona? Za a sake bukatar waɗannan tambayoyi, domin ranar 19 ga Janairu 2038 lissafin lokaci na wasu tsofaffin kwamfutoci zai kai iyakarsa.