Ingila Na Son Ɗan, Ba Ta Son Uwar

Tun ranar 9 ga Yulin 2012, lokacin da Theresa May ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya, gwamnatin ƙasar ta sauya dokar da ke ba mazaunin can damar ɗauko mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko wani baligi daga danginsa, su zo su zauna tare da shi. Yau fiye da shekara goma ke nan, gwamnatoci sun zo sun wuce, amma dokar na nan daram. Ya kamata duk matashin da ke mafarkin tsallakawa Ingila ya san da ita tun kafin ya ɗaure kayansa, domin dillalan biza ba sa faɗin wannan.

Kafin sauyin, idan tsoho ya kai shekara 65, kuma ɗansa da ke can ne ke ɗauke da nauyinsa, ba shi da wani makusanci a gida da zai dogara da shi ta fuskar kuɗi, to yana iya samun izinin zama. Yanzu kuwa yawan shekaru kaɗai ba hujja ba ne. Dole sai an tabbatar, da takardun likita, cewa tsufa ko ciwo ko naƙasa sun kai shi ga ba ya iya yi wa kansa hidimar yau da kullum, irin su wanka, sa tufafi da dafa abinci. An kuma cire kawu da gwaggo daga jerin gaba ɗaya. Saura iyaye, kakanni, 'yan'uwa na jini da 'ya'yan da suka kai shekara 18.

Sharaɗi na biyu shi ne inda gizo ke saƙar. Sai an nuna cewa wannan kulawa ba za ta samu a ƙasar da tsohon yake ba, ko da kuwa ɗan nasa na aiko da kuɗi: ko dai babu mai yin ta, ko kuma kuɗinta ya fi ƙarfinsu. A wurin jami'an, "mai yin ta" bai tsaya kan ɗa ko jika ba, har da 'yar aiki, da ma'aikaciyar jinya da aka ɗauka haya, da gidan kula da tsofaffi. To mai karatu ya dubi tarkon da kyau. Ɗan da ya shekara biyar yana aiko da kuɗi a kan kari ana kula da gyatumarsa, takardun bankinsa da kansu su ne shaidar cewa kulawa na samuwa a gida. Wanda albashinsa bai kai ya biya mai jinya a gida ba kuwa, sai a tambaye shi ta yaya zai iya riƙe ta a Landan, alhali sai ya sa hannu kan alkawarin ciyar da ita, da ba ta masauki, da kula da ita har shekara biyar ba tare da taimakon gwamnati ba. Gaba kura, baya sayaki.

Bayan haka kuɗin neman bizar ya haura fam dubu uku, kuma idan aka ƙi ba a mayarwa. Ba a kuma neman ta daga cikin Ingila. Tsohuwar da ta je da bizar ziyara ta wata shida ba za ta iya juya ta zuwa ta zama ba, sai ta koma gida ta nema.

Hujjar gwamnati ita ce tsofaffi baƙi nauyi ne a kan asibitocin ƙasar, wato NHS, da kuma asusun kula da gajiyayyu. A lokacin gwamnatin David Cameron ta yi alkawarin rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a shekara zuwa ƙasa da dubu ɗari, alkawarin da har ta sauka ba ta cika ba. Babu mai musun cewa kowace ƙasa na da ikon tsara wanda zai shigo mata, kuma jinyar tsoho akwai tsada. Amma da kuɗi ne kaɗai damuwar, da sai a ce wa ɗan ya ajiye jingina ko ya sayi inshorar lafiya, a bar shi ya ɗauko uwarsa. Abin da aka yi shi ne jira sai tsohuwa ta kai halin da ko hawa jirgi na yi mata wuya, sannan a fara sauraron maganarta.

Wata ƙungiya mai suna BritCits ta kai ƙara, tana cewa dokar ta saɓa wa haƙƙin zaman iyali. A watan Mayun 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori ƙarar. Iyakar abin da aka tsira da shi shi ne bayanin kotu cewa a riƙa duba buƙatun tsohon na zuciya da ƙwaƙwalwa idan ƙwararren likita ya tabbatar da su, a kuma duba ko kulawar da ake cewa akwai a gida ta dace da shi. Ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA, da ta likitoci 'yan asalin Indiya, BAPIO, sun sha kokawa cewa dokar na sa likitoci barin aiki su koma gida ko su nufi wata ƙasa.

Abin takaicin ya fi fitowa fili idan aka tuna su waye ke aiki a waɗannan asibitoci. 'Yan Nijeriya na cikin baƙin da suka fi yawa a NHS. Sa'ad da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, Nijeriya, Indiya da Zimbabuwe ne kan gaba wajen aika mutane. Wato saurayi ya bar mahaifiyarsa a hannun ƙannensa, ya je yana yi wa iyayen wasu wanka, yana ba su abinci a baki, amma doka ta ce tasa uwar nauyi ce. A Maris 2024 ma aka hana sababbin ma'aikatan wannan fanni tafiya da matansu da 'ya'yansu, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar su daga waje.

Ga Musulmi kuwa, hidimar iyaye idan sun tsufa wajibi ne da Alƙur'ani ya ambata daf da umarnin bauta wa Allah shi kaɗai, kuma aika kuɗi ɓangare ne kawai na wannan haƙƙi. Zumuncin da ke riƙe da gidaje a nan, inda ba a rasa ƙanwa ko matar wa da za ta tsaya kan tsohuwa, shi ne kuma abin da jami'in biza zai kafa hujja da shi ya ƙi.

Saboda haka wanda ke shirin tafiya ya zauna da iyayensa da 'yan'uwansa tun yanzu, a yi magana a fili: wa zai tsaya a kansu, nawa zai riƙa aikowa, shekara nawa zai yi, kuma idan ciwo ya kwantar da ɗayansu ko zai iya ajiye aikin ya dawo. Duk dillalin da ya ce masa "idan ka samu takardar zama sai ka ɗauke su Hajiya", ya nemi ya nuna masa a wane sashe na dokar aka rubuta haka.