Kafin ka sayi dok, duba ramin da ke jikin laftof ɗinka

Ranar wata Juma'a da daddare wani ƙanena ya turo min hoto ta WhatsApp. Sabon monita ne mai inci 24 a kan tebur, laftof ɗinsa a gefe, a tsakaninsu ga wani ɗan akwati mai ramuka takwas, sikirin kuwa baƙi ƙirin. A ƙasan hoton ya rubuta, "Yaya, an cuce ni." Kuɗin da ya yi wata uku yana tarawa ne daga zanen katin biki da fosta. Washegari ya koma shagon, aka canja masa wani akwatin, ya dawo gida ya jona. Maus na aiki, filasha na buɗewa, amma sikirin ko ƙyaftawa bai yi ba. Mai shago bai cuce shi ba. Ramin USB-C ɗin laftof ɗinsa ne ba ya fitar da hoto, kuma ko irin wannan akwati goma zai saya, abin da zai gani ke nan.

Akwatin shi ake kira dok. Kana jona masa monita da kibod da maus da caja da kebul ɗin intanet, sai kebul ɗaya tak ya fito daga jikinsa ya shiga laftof. Shi ne kake gani a bidiyoyin TikTok da YouTube na masu ƙawata teburin aiki, inda mutum zai soka kebul ɗaya komai ya kama lokaci guda. Abin na da ban sha'awa, ban musa ba.

Ƙarin sikirin kam ina goyon bayansa ƙwarai. Da waya na fara koyon rubuta manhaja, daga baya na samu tsohuwar laftof 'yar gwanjo. Ranar da na ajiye bidiyon darasi a sikirin guda ina rubuta kod a ɗayan, na gane yawan lokacin da nake ɓatawa wajen tsalle daga wannan shafi zuwa wancan. Amma dok wani abu ne daban, kuma a ganina mafi yawanmu ba ma buƙatarsa. Idan laftof ɗinka na da ramin HDMI, kuma monita ɗaya kake son ƙarawa, kebul ɗin HDMI ya gama maka aiki. Jona shi, danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi Extend. Shi ke nan. Ko talabijin ɗin falo ma zai yi a gwaji.

Inda mutane ke asara shi ne ɗaukar da suke yi cewa duk ramin USB-C ɗaya ne. USB-C sunan siffar ramin ne kawai, abin da ke bi ta cikinsa kuwa kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya zaɓa. Wani ramin bayanai kaɗai yake ɗauka. Wani yana ɗaukar bayanai da caji. Wani yana fitar da hoto ta tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma yawancin dok masu sauƙin kuɗi da shi suka dogara. Irin wannan dok ɗin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da laftof ta miƙo masa yake wucewa da shi zuwa monita. In ba a miƙo masa komai ba, babu abin da zai bayar. Sai kuma Thunderbolt, wanda tun daga na uku yake amfani da ramin USB-C, yana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa, ga hoto ga caji.

Duba gefen ramin da kyau, ko da fitilar waya ne. Alamar walƙiya mai kan kibiya Thunderbolt ce. Harafin D mai P a cikinsa DisplayPort ne. In ba ka ga ko ɗaya ba, kada ka yi ƙiyasi, juya laftof ɗin ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta, ka nema a shafin kamfanin. Cikakkiya na ce, don suna ɗaya kan fito da samfura daban-daban. Kebul ma haka yake. Wanda ya zo a kwalin wayarka yawanci na caji ne da tura fayil a hankali, ba ya ɗaukar hoto.

Akwai masu cewa a sayi dok mafi tsada, na Thunderbolt, don gaba. Ban yarda ba. Wasu dok na Thunderbolt 3 ba sa aiki sam a ramin USB-C na gama-gari, ka ga ka sayi abu don kwamfutar da ba ka mallaka ba tukuna. Tsadar laftof ma ba ta raba ka da matsala. MacBook Air mai M1, ta 2020, monita ɗaya kawai take iya ƙarawa da kanta. Kuma yawancin ƙananan dok masu ramin HDMI biyu, in ka jona su a Mac, hoto iri ɗaya za su nuna maka a duka sikirin biyun. Idan aka rubuta 4K a kwali, nemi lambar da ke biye da ita. In 30Hz ce, maus zai riƙa tafiya kamar yana jan ƙafa. Nemi 60Hz.

Ga wanda raminsa ba ya fitar da hoto, akwai mafita guda, wato dok mai fasahar DisplayLink. Shi wannan sai ka saka manhajarsa a kwamfuta, ita ce ke matse hoton ta tura shi a matsayin bayanai, don haka ko ta tsohon ramin USB mai faɗi yana aiki. Sai dai ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke ɗaukar nauyin. Rubutu da Excel da kod lafiya lau. Gem ko tace bidiyo kuwa, za ka ji jinkirin, kuma tsohuwar laftof fankarta za ta yi ta kuka.

Abin da masu bidiyon can ba sa faɗa, don ba damuwarsu ba ce, shi ne wuta. Laftof na da batir, monita ba shi da shi, babban dok ma da tasa cajar yake aiki. Da an ɗauke wuta duk su mutu tare, kuma in akwai had dis a jikin dok ɗin kana tsakiyar kwafe fayil, sai ka yi addu'a. Ni abin da na mayar ɗabi'a shi ne had dis kai tsaye nake soka shi a laftof. Ƙananan dok marasa caja kuma daga batirin laftof suke sha. In ka bi da cajarka ta cikinsu, suna cire nasu kason kafin su miƙa saura, shi ya sa za ka ga laftof mai buƙatar wat 65 tana jone amma batirin na sauka. Mai amfani da sola ko inbata sai ya sa wannan a lissafi.

Masu son jona waya da monita, dokar ɗaya ce. Samsung ta fito da DeX a 2017 tare da Galaxy S8, kuma manyan wayoyinta na jerin S suna mayar da monita kamar kwamfuta. iPhone 15 ma tana fitar da hoto ta USB-C. Amma mafi yawan wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannunmu, ramin nasu caji da tura fayil kawai ya iya.

To wa dok ya dace da shi? Wanda kullum yake ɗaukar laftof ya fita ya dawo, yana cire kebul biyar yana mayarwa, har ramukan su fara lilo. Da mai siririyar laftof da ba ta da HDMI, da mai buƙatar monita biyu. In kuma kana da tsohuwar ThinkPad ko Dell Latitude, leƙa ƙarƙashinta, EliteBook kuma duba gefenta. Da yawansu suna da ramin dok na kamfaninsu, kuma akan ci karo da irin waɗannan dok ɗin a wajen masu kayan gwanjo. Ka dai tabbatar na samfurinka ne. Ko wanne za ka saya, tafi da laftof ɗinka shagon, a jona monita a gabanka, ka ga hoto da idonka kafin ka tura kuɗi.

Ƙanena kuwa, da ya kawo min laftof ɗin na juya ta hagu, sai ga ramin HDMI ya yi ƙura, bai taɓa soka masa komai ba. Na ba shi wani tsohon kebul daga cikin durowata, hoto ya fito nan take. Dok ɗin yana nan a kan teburinsa, maus da filasha yake jona masa, don mai shagon ya ce ba a mayar da kuɗi.